Ɗana ba ɗan ruwa ba ne, kuma ba sangarta ke damunsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni tela ne a cikin birnin Kano, ba ɗan jarida ba kuma ba likita ba, a waya nake buga wannan tsakanin ɗinki da ɗinki, saboda haka in ka ga rubutun yana tsalle-tsalle a yi min afuwa.

Abun da ya sa na kasa haƙuri shi ne, Juma'ar da ta wuce a bakin masallacin unguwarmu wani dattijo da nake matuƙar ganin girmansa ya daka wa ɗana tsawa a gaban jama'a, yace wannan yaron ba a yi masa tarbiyya ba. Laifin yaron kawai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana jijjiga jikinsa lokacin da lasifika ta yi wannan ƙarar tsiii ɗin da take yi in an kunna ta. Ban tanka ba, sa'an mahaifina ne, na ja hannun ɗana muka wuce. Amma wallahi tun ranar abun yake cina a rai, ba don dattijon mugu ne ba, a'a, mutumin kirki ne, shi ne ma abun da ya fi damuna, don in mutumin kirki bai sani ba to wa ya sani?

Ɗana shekararsa 11, yana da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda a rediyo da jaridu ake cewa galahanga. Ni dai gaskiya kalmar nan bata kwanta min ba, don a unguwa in aka ce maka galahanga ai zagi ne, ɗan uwan dolo da gaula, to ta yaya uwa za ta tsaya gaban dangin miji tace ɗana galahanga ne? Ina roƙon malaman Hausa na Bayero da na Zariya su duba mana wannan, su samo mana sunan da mutum zai iya faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kafin nan ni otizim ɗin zan riƙa cewa.

Lafiya lau aka haife shi, ya zauna a kan lokaci, ya yi tafiya a kan lokaci, har ya fara cewa Baba da ruwa, sai wajen shekara ɗaya da rabi kalmomin nan suka ɓace kaman an share su. Ka kira sunansa sau goma ba zai waiwayo ba, amma a motsa ledar biskit a ɗaya ɗakin zai taso a guje, shi ya sa da mutane suka fara cewa kurma ne na san ba haka ba ne. Ba ya kallon idon mutum, ba ya nuna abu da yatsa yace kalli, in yana son ruwa sai ya kama hannun mamansa ya ja ta har bakin randa ya ɗora hannun a kai kaman hannun nata wani ludayi ne. Yara na wasan langa da 'yar ɓuya a ƙofar gida shi yana gefe yana jera murafen lemo a layi ɗaya, in ka ɗauke ɗaya sai gidan ya kama da wuta. In na zo da shi shago kuwa zai iya awa biyu yana kallon tayar keken ɗinki tana juyawa. Hajiya mahaifiyata tace a rabu da shi, namiji ne, maza ba sa magana da wuri, ubansa ma sai da ya kusa shekara uku. Muka rabu da shi.

Daga nan aka shiga abun da nake kira shekarun ɓata lokaci, kusan shekara huɗu. Wannan yace shafar aljanu ce, wancan yace kambun baka, waccan tace sammu ne daga wajen abokan sana'a tunda lokacin shagon ya fara haɓaka. Rubutu ya sha har ba adadi, hayaƙi kala-kala, ruƙiyya a ɗaki an rufe ƙofa ana karatu da ƙarfi a kunnen yaron da ƙarar fanka ma take sa shi kuka, yana ihu yana birgima ana cewa ga shi nan aljanin ya fara ƙonewa. Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ban raina addu'a ba, har gobe ina yi masa tofi kafin ya kwanta kuma Alƙur'ani waraka ne. Amma akwai masu cin kasuwa da hawayen iyaye, na sayar da keke guda da filin da na fara biya saboda su. Na ƙarshensu wani ne a wani ƙauye da aka yi min kwatance, ya dubi yaron ko minti biyar bai yi ba yace wannan ai ɗan ruwa ne, musanya aka yi muku, a kai shi bakin kogi da asuba a ajiye a juya baya zai koma wajen 'yan uwansa. Edita, na dawo gida a mota yaron yana barci a cinyata ina jin ɗumin jikinsa, kuma Allah ya gani sai da maganar nan ta ɗan yi yawo a kaina kafin na yi a'uziyya. Na faɗi wannan ne don in mai hankali irina zai iya kaiwa nan, to akwai waɗanda suka wuce nan.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce mamansa. Komai a kanta aka sauke, wai ta fita da magariba tana da ciki, wai ta zubar da ruwan zafi a banɗaki ba bismilla, wai a danginsu ne. Ni kaina, kuma wannan shi ne abun da nake jin kunyarsa, na taɓa ce mata ke kika sangarta shi. Na kuma dake shi, ba sau ɗaya ba, don ina ganin taurin kai ne yake yi in ya ƙi sa kayan Sallah ko ya kifar da kwanon tuwo. Duka bai ƙara masa komai ba sai tsorona, ya kai in ya ji ƙarar babur ɗina sai ya shige bayan ƙyaure.

Farfaɗiya ce ta kai mu asibiti yana ɗan shekara 6, ba wayonmu ba. Ya faɗi yana karkarwa, muka kwashe shi sai wani babban asibiti, bayan an shawo kan wannan likitan yara ya riƙa yi mana wasu tambayoyi da babu wanda ya taɓa yi mana, yana waiwayowa in an kira shi, yana wasa da yara, yana nuna abu da yatsa. Aka fara da gwajin ji, kunne lafiya ƙalau. Sannan aka tura mu wajen wata likita ta ɓangaren ƙwaƙwalwar yara, ta zauna a ƙasa kan tabarma ta zuba kayan wasa ta fi awa tana kallonsa kawai tana yi wa mamansa tambayoyi tun daga goyon ciki. Ni ina ta jiran a ce a je a ɗebi jini ko a yi hoton kai, tace babu gwajin jinin da ke nuna wannan, da kallon ɗabi'a da tarihin yaro ake ganewa, kuma da mun zo yana shekara 2 ma za a iya ganewa. Tace ɗanku ba kurma ba ne, ba mahaukaci ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce aka gina ta daban, yadda take karɓar sauti da haske da taɓi da magana ba irin tamu ba ce, farfaɗiyar kuma tana yawan zuwa tare da lalurar, ita tana da magani, amma otizim ɗin kansa babu ƙwaya ko allurar da ke cire shi, koyarwa ce da haƙuri. Mamansa ta tambaye ta abu ɗaya tak, tace likita ni na jawo masa? Tace a'a Hajiya. Matar nan ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba ko ranar rasuwar mahaifinta.

Tun daga nan na zama ɗan bincike, duk abun da na samu sai na karanta ko na sa ƙanina ya fassara min. Ashe abun ba sabo ba ne, tun 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 masu irin wannan ɗabi'a, a 1944 kuma wani a Ostiriya, Hans Asperger, ya yi bayanin wasu yaran da su suna magana tiryan-tiryan amma zama da mutane ke ba su wuya. An daɗe ana raba su gida-gida, sai a 2013 likitocin Amurka suka haɗa su a suna ɗaya suka ce abu ɗaya ne mai hawa-hawa. Ni yadda na fahimce shi a matsayina na mai harkar yadi, kaman marinar Ƙofar Mata ce, baba ɗaya ce a ramin amma wani yadin zai fito shuɗi mai haske wani ya fito har ya yi baƙi-baƙi. Akwai wanda zai yi digiri ya yi aure ana dai cewa wane ba ya son mutane, wane bauɗaɗɗe ne, akwai kuma wanda har ya tsufa ba zai ce uffan ba sai an yi masa wanka. Nawa yana tsakiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma an fi ganinsa a maza, wajen ninki huɗu. To Edita ka yi lissafi da kanka, firamaren gwamnati mai ɗalibai 1,000 a Kano ba abun mamaki ba ce, ke nan ya kamata a ce akwai wajen goma a kowace irinta. Suna ina? Suna ɗaki an ja musu ƙofa in baƙi sun zo, ko suna bakin titi yara na bin su da waƙa, ko suna aji na baya ana zane su kullum a kan daƙiƙanci.

Maganar dalili kuwa, abun da masana suka fi tsayawa a kai shi ne gado, ƙwayoyin halitta da yawa ne ke haɗuwa, shi ya sa in tagwaye masu kama ɗaya ne ɗaya na da shi galibi ɗayan ma na da shi, sannan akwai abubuwan da ke ƙara yiwuwarsa kaman haihuwar bakwaini da haihuwa bayan shekaru sun ja, uba ko uwa. Gado kuma ta ɓangare biyu yake zuwa, ina faɗa wa masu cewa a danginsu ne. Abun dariya, ɗora wa uwa laifi ba mu kaɗai muka yi ba, Turawa ma sun shafe shekaru a wajajen 1950 zuwa 1960 suna cewa uwar da bata jan ɗanta a jiki ce ke jawo shi, daga baya bincike ya watsar da maganar. Sai batun rigakafi, don kwanan nan a wani guruf na WhatsApp aka turo murya wai allurar ƙyanda ce ke kawo shi. Asalin wannan magana wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, ya fitar da rahoto a 1998 a kan yara 12 kacal, aka zo aka gano akwai coge a ciki, a 2010 mujallar da ta buga rahoton ta janye shi, shi kuma aka ƙwace lasisinsa, kuma an bincika yara dubun-dubata a ƙasashe daban-daban ba a ga alaƙa ba. Abun da ke ruɗa iyaye shi ne alamun suna bayyana ne daidai shekarun da ake allurar. Mu Kanawa mun san abun da dakatar da rigakafin foliyo a 2003 ya jawo mana, ba ma buƙatar maimaici.

Yanzu bari na faɗi abun da ya yi mana aiki, don shi ne ainihin abun da nake so wani uban ya karanta. Ba wani sirri ba ne, daina tambayar waye ya yi masa muka yi, muka koma tambayar me yake ji. Kayan Sallar da nake dukansa a kai, ashe shadda mai sitaci da bakin ɗinkin ciki ji yake kaman ana goga masa ƙaya, ni tela guda ban gane ba sai da aka faɗa min. Yanzu yadi mai laushi nake saya a wanke shi sau biyu, na ɗinka masa da bakin ɗinkin ta waje, ba aiki a wuya ba lebul, ya sa abunsa lafiya lau. Aski da yaƙi ne, mutum uku ke danne shi saboda ƙarar kilifa, yanzu da almakashi nake yi masa a gida ranar Asabar da safe, kullum a kujera ɗaya. Mamansa ta ɗauki hoton kofi da buta da bayi da kwanon abinci da shago a waya, muka wanke su wajen mai hoto aka liƙa a bango a jere, da su ya fara gaya mana abun da yake so kafin baki ya buɗe, kuma da su muke gaya masa abun da zai biyo baya, don babu abun da ke birkita shi kaman a canja tsari ba sanarwa. In za mu gidan Hajiya tun dare ake nuna masa hoton gidan. Abinci shekara biyu farar shinkafa kawai yake ci ba miya, in miya ta taɓa gefe an gama, da cokali ɗaya a wani kwano daban aka fara har yanzu yana cin wake da ɗanwake, tuwo dai har yau sun ƙi shiri.

Magana ta dawo wajen shekara 7 amma ta hanyarta. Zai maimaita tallan rediyo kaf da muryar mai tallan, kuma in yana jin ƙishi sai yace kana son ruwa, wato yadda ake tambayarsa haka yake mayarwa. Da mun ɗauka surutun banza ne, ashe magana ce, mu ne bamu iya ji ba. Haka ihun da yake yi a kasuwa ko gidan biki, ba irin na yaron da aka hana alewa ba ne wanda in ka ba shi zai yi shiru yana satar kallonka, wannan kansa ne ya cika da ƙara da wari da hayaniya har ya tumbatsa, lallashi da surutu ƙara masa suke, magani a fitar da shi wuri shiru a ƙyale shi ya jijjiga jikinsa har ya sauko. Jijjigar nan da kaɗa hannun da mutane ke ƙyama, da su yake kwantar da kansa.

Abu ɗaya da zan ja kunnen iyaye a kai da babbar murya shi ne ruwa. Yaran nan da yawansu suna da saurin sulalewa su fita kuma ruwa na jansu, ga shi ba su san haɗari ba. Namu ya taɓa ɓata da damina, aka yi cigiya a masallatai, bayan awa uku aka same shi a bakin kududdufi ƙafafunsa a ciki yana kallon yadda ruwan ke rawa. Tun ranar rijiyar gidanmu da murfi da kwaɗo take, kuma duk rigarsa akwai lambar wayata a ɗinke ta ciki.

Makaranta kuwa kar ka tona. Uku muka je masu zaman kansu, ɗaya ta karɓi kuɗin zango ta sallame shi bayan sati biyu wai iyaye sun yi ƙorafi. Alhali akwai doka, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata, aka kuma kafa hukumar kula da su a 2020. A Janairun 2023 ma an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Duk suna nan a takarda, amma malamar aji mai yara tamanin da ba a taɓa koya mata komai a kan wannan ba me za ta yi da doka? Masu koyar da magana da cibiyoyin horon yawanci suna Legas da Abuja, kuɗinsu kuma ba na tela ba ne. Har shawara aka taɓa ba ni na kai shi gidan mari ya nutsu, da aka fasa wani irinsa a Rigasa ta Kaduna a 2019 aka fito da ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, na kalli hotunan na kalli ɗana na kasa cin abinci. Ga wanda ke neman inda zai fara, a fara da likitan yara a nemi gwajin ji, sannan akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, zuwa can ba yana nufin ɗanka mahaukaci ne ba.

Wani abun kuma, tunda aka nuna yaron nan Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke mai otizim da ya shiga kundin Guinness da zane mafi girma a kan yadi, wanda aka baje a Abuja a Afrilun 2025, sai mutane suka koma tambayata to naka wace baiwa gare shi? Na yi murna da yaron ƙwarai, haka na ji daɗin labarin Temple Grandin ta Amurka da bata yi magana ba sai bayan shekara uku amma ta zama farfesar kiwon dabbobi. Sai dai ba kowane ne zai zama haka ba, kuma bai kamata sai yaro ya kafa tarihi sannan a ɗauke shi mutum ba. Nawa baiwarsa ita ce yana jera min zare kala-kala a shago fiye da duk yaran da nake koya wa aiki, in na miƙa masa ƙyalle zai zaro zaren da ya dace ko cikin shuɗi goma ne, kuma ya iya sa maɓalli. Titi dai har yau ba ya tsallakawa shi kaɗai, kuma in na kwanta da dare tunanin da ke hana ni barci shi ne wa zai riƙe shi in ba mu.

Roƙona gare ku Edita, kar ku jira sai 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007, sannan ku sa hoton manya suna yanka kek a otal. Ku ba mu ko rabin shafi ne a wata, da Hausa, ku kawo likita ya amsa tambayoyin iyaye, ku je ku ji daga bakin iyaye mata don su ke ɗauke da kayan, tawa ta fi shekara biyar rabonta da zaman biki har a tashi. Ku yi magana a kan masu ɗaukar bidiyon irin yaran nan suna sawa a TikTok ana dariya. Malamanmu kuma da suke karanta mana Abasa a sallah suna ba mu labarin makahon sahabin nan Ibn Ummi Maktum, don Allah su ɗan taɓo wannan a huɗuba ko sau ɗaya, mutanenmu sun fi jin maganar mumbari a kan ta asibiti.

In Allah ya sa kun buga wannan, kwafi biyu zan saya, ɗaya na mamansa, ɗayan kuma zan kai wa dattijon nan har gida bayan la'asar, tare da yaron zan je, na riga na ɗauki hoton ƙofar gidan don na nuna masa tun dare.

Naku,
Wani uba, tela, daga cikin birnin Kano.